Ƙafa Ta Huɗu

An kwashe garken ƙungiyarmu da rana tsaka, a wani kwari bayan Wuro Patuji, wurin da ko mai neman itace ba ya shiga. Makiyayin, Hammajo, an sare shi a kafaɗa, an bar shi, ya ja jiki har bakin mayo, wato rafi, yana salati. Mata masu wanki ne suka tsince shi.

Kafin a kai shi asibiti labari ya riga ya isa tike, kasuwar shanun Mubi, kowa kuma ya zama alƙali. Wannan ya ce makiyaya ne suka ci amanar juna, wancan ya ce mutanen tsallaken iyaka ne. Alhaji Yazid, shugaban ƙungiyar dillalai, ya aika a kira ni, don bin sawu ne sana'ata tun ban fi tsayin maraƙi ba.

"Tsoho, ka san masu shanu a garken nan. Har da na marayu. Je ka duba mini ƙasa."

Nasrullahi ne ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Shi ne ma'ajin ƙungiya, kuma abokina tun muna samari. Iyayenmu tare suka zo garin nan daga ƙasar Kano, nasa dukawa masu aikin fata, nawa masu koren shanu. A hanya yana ta tsaki.

"Da ma na faɗa, Mai Sawu. Dukiya ba a bar wa ƙarfe tsaronta."

Ƙarfen da yake nufi wani abu ne da aka kawo mana bara. An ɗaura wa manyan bijimai wani abin wuya mai batir, yana aika saƙo ta iska ya ce ga inda nake. Saƙon a kulle yake tafiya. Abu ɗaya tak ke buɗe shi, wani baƙin akwati da bai fi bulo ba, yana zaune a kabad ɗin ƙarfe a ofishin ƙungiya. Wata 'yar Michika ce ta ƙera shi, Winifred, injiniya mai shago a bakin titi. Ranar da dattawa suka yi gardama a kanta, ni na tashi na ce na yarda da yarinyar.

*

An yi ruwa kafin ranar, ƙasa ta riƙe komai. Na ga inda suka ajiye babura a gindin wata marke. Daga nan suka taka da ƙafa, wasu da takalmin roba, ɗaya da but mai cinyayyen dunduniya. Tafiyarsu ce ta dame ni. Ɓarawon shanu yana tafe yana karkace, yana duba kashi, yana duba ciyawar da aka ci. Waɗannan sun miƙe ɗoɗar kamar an ja su da igiya.

Kuma ba wurin garken suka nufa ba. Wani tudu suka hau, inda wata tsamiya take ita kaɗai, inda kofato ko ɗaya bai taka ba. Suka zagaye ta. Suka tsaya. Mai but ya tsugunna ya sha taba, ga guntun nan. Sai bayan haka suka watsu suna neman shanu kamar kowane sabon shiga, har suka faɗa wa garken can ƙasa.

Na ɗaga kai. A reshen tsamiyar ga abin wuyan bijimi a rataye, ƙaramar fitilarsa tana ƙifta ido.

Sawun garken na bi shi har kwalta. Nan aka loda su a mota. Kwalta ba ta magana.

*

A asibiti Hammajo yana kwance, kafaɗa a naɗe. Na nuna masa abin wuyan.

"Ni na cire, Baaba," in ji shi. "Ya ci wa bijimin wuya, ƙuda na bin gyambon. Na rataye shi can na ce in na shigo gari in kawo."

"Wa ka gaya wa?"

"Wa zan gaya wa? Nagge?"

"Cikin 'yan'uwanka wa ya san kwarin da kake?"

"Dukansu. Amma ɗan'uwana in zai sace ni, tsamiya zai je ya gaisar?"

Gaskiyarsa. Wanda makiyayi ya ba labari, garke zai nufa. Waɗannan muryar ƙarfe suka bi, wato wani ya buɗe musu saƙon da aka ce ba ya buɗuwa. Na faɗi haka a fili, a bakin ƙofar asibiti, a gaban Nasrullahi da wasu dillalai. Nasrullahi ya tafa hannu.

"To ai magana ta ƙare. Wa ya ƙera makullin?"

*

Kafin la'asar samari sun taru a ƙofar shagon Winifred da jarkar fetur. Alhaji Yazid ya sa aka ɗauko ta aka rufe a ɗakin ajiyar gishirin shanu, ya ce don kare ranta ne. Masu shanu suka ce sun ba shi wa'adi zuwa ranar tike. In bai fito da wani ba, za a miƙa ta ga hukuma a matsayin idon ɓarayi, shagon kuma su san yadda za su yi da shi.

Na same ta zaune kan buhu. Ba ta yi kuka ba. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"An ce bakinka ne ya kawo ni nan, Baba."

"Ƙasa ce ta faɗa, ni na maimaita. Ke kika ba su mabuɗin?"

"Ni ma ban san shi ba. A cikin akwatin aka haife shi, bai taɓa fitowa ba. Haka na gina shi."

"To sun fasa lissafin naki."

Nan ta yi dariya mai ɗaci. "Su? Baba, akwai wata irin kwamfuta da manyan ƙasashe ke fama su ƙera, kwantum ake ce mata. Ranar da ta tsaya da ƙafarta, makullan da banki da waya ke amfani da su yau za ta ɓare su kamar gyaɗa. Nawa ba irin su ba ne. Ko ita ba a san ta inda za ta kama shi ba, balle masu takalmin roba."

"Yi mini Hausa."

Ta ja yatsa a kan gishirin da ya zube. "Ka ɗauka fili ne an kakkafa turaku a jere. Ba gabas da yamma kaɗai ba, ta fuska ɗari-ɗari da ido ba ya gani. Shi ake kira latis. In zan aika saƙo sai in ajiye shi kusa da turke ɗaya, in ɗan gusar da shi da gangan. Mai mabuɗi ya san yadda jerin yake, nan take zai ce ga turken. Wanda ba shi da shi zai tsufa yana lalube."

"Amma an buɗe."

Ta share zanen da tafin hannu. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Lissafi ba ya yoyo. Ƙarfe ne ke yi. In akwatin yana aiki da mabuɗin, wuta yake sha. Wata lamba ta sha da yawa, wata kaɗan. Wanda ya saka ma'auni a wayar wutar, ya sa akwatin ya yi ta buɗe saƙo ba hutawa, zai ga mabuɗin yana tafiya a kan gilashin ma'aunin."

"Sawu ke nan."

"Sawu ne. Na san da shi, na kuma ɓatar da shi. Na raba mabuɗin gida biyu, kowane aiki da sabon rabo, kamar ka kora garke biyu a kan hanya ɗaya. Sai dai abin ya sa akwatin jinkiri, yana kuma cinye batir. Ciyaman ya ce ba zai zauna yana jiran ƙarfe kamar mai jiran tuwo ba, ga wutar gari ba ta zama. Ya matsa, ya matsa. Na cire. Na ce da sharaɗi ɗaya, akwatin ba zai taɓa fita daga kabad ba, ba za a taɓa sa masa wata waya ba. Suka rantse mini, shi da Ma'aji. Ku ne kuka ce rantsuwarku tana da nauyi."

Na tashi na fita.

*

Alhaji Yazid na fara zargi. Shi ya sa aka cire kariyar, kuma mabuɗin kabad biyu ne, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin Ma'aji. Na same shi a ofis yana jan carbi da ƙarfi kamar zai tsinka shi.

"Alhaji, me ya sa ka matsa a cire abin da ke ɓad da sawu?"

"Don ni mutum ne mai gaggawa, ka sani, kowa ya sani. Mai shanu zai zo daga nesa ya ce ina garkena, in danna, in zauna, ya zauna, muna kallon juna. Rabin lokaci batir ya mutu. Na ce ta sa ya yi sauri. Laifi ne?"

"Ina mabuɗinka yake kwana?"

Ya zaro shi daga wuyan riga, a ɗaure da igiyar laya. "Ko wanka da shi nake yi. Tsoho, ni kake tuhuma? Kashi mafi yawa na garken nan nawa ne. Zan sace kaina in raba da ɓarayi?"

Mutum yana iya yin haka, na taɓa gani. Amma wannan fushinsa irin na wanda aka yi wa ne, ba na wanda ya yi ba. Na ce ya buɗe mini kabad.

Akwatin yana nan. Hatimin da Winifred ta manna a bakinsa bai motsa ba. Alhaji ya ce, "Ka gani? Ba wanda ya taɓa shi." Ni kuwa ban iya duba dabba ta fuska ba. Na ɗaga shi na kifa, na duba ƙafafu.

Ƙafa huɗu ne, ƙanana, zagayayyu, baƙaƙe. Uku na roba. Ta huɗu na sa farce na karce ta, na kai hanci. Fata ce. An yanka ta daidai girman sauran, an rina ta baƙa, an goge bakinta. Aiki ne mai kyau, wanda sai ka nema za ka gani. Kuma an fere gefen a karkace, daga dama zuwa hagu, yadda wuƙa ke tafiya a hannun bahago.

Baduku bahago ɗaya na sani a garin nan. Ya bar sana'ar da daɗewa, amma wuƙarsa tana aljihunsa kullum, kuma bai taɓa iya ganin abu yana ɗingishi ya ƙyale shi ba. Kujera ce, tebur ne, sai ya yanko fata ya yi masa ƙafa.

Na mayar da akwatin. Na zauna a ƙasa.

"Lafiya?" in ji Alhaji.

"Ba lafiya. Rufe kabad ɗinka, kada ka gaya wa kowa na kifa shi."

*

Fata ba ta isa hujja ba. Mutum yana iya cewa ƙafar ta faɗi a ofis ya gyara. Sai na san inda ta roba ta tsaya. Na koma ɗakin gishiri.

"Ƙafafun akwatinki, da me kika yi su?"

"Roba. Me ya kawo wannan?"

"Suna cirewa?"

"Sai in ya yi zafi sosai, gam ɗin ya saki. Amma a ofis ba ya zafi, saƙo nawa yake buɗewa a wuni?" Ta tsaya. Ta gane da kanta. "Sai in an sa shi aiki ba hutawa."

"Ma'aunin nan mai gilashi, wa ke da shi a Mubi?"

"Makarantu suna da shi a kulle. Sai nawa."

"Yana shagonki?"

Ta girgiza kai.

"Yana wurin Dennis. Ɗan kawuna. Ya ara tun kafin damina, wai zai gyara inbata. Ni na kawo shi daga ƙauye, Baba. Ni na koya masa riƙe dalma. Lokacin da nake gwada akwatin, tare muka yi ta kai masa hari don mu ga inda yake yoyo. Shi ke riƙe waya, ni ina karanta gilashi."

*

Dennis yana gyaran waya a wani lungu kusa da tasha. Na je masa da tsohuwar wayata na ce ba ta caji. Saurayi ne mai fara'a, ya ce, "Baba, wannan waya ya girme ni." Ya ba ni kujera. Na ce zafi ya yi yawa, bari in zauna daga ciki. Kafin ya hana ni na ɗaga labule.

A ciki akwai farin tebur na roba, irin na masu sayar da abinci. Ga ma'aunin a gefe an rufe shi da tawul. A tsakiyar teburin ga zobba uku baƙaƙe, inda roba mai zafi ta zauna ta bar shaida. A kusurwa ta huɗu ba zobe. Ƙafar ce da kanta, a manne, ta narke ta kama teburin. An yi ƙoƙarin kankare ta da wuƙa an gaji.

"Me ka dafa a nan?" na ce.

"Caja ne, Baba. Wani caja ya ƙone."

"Caja mai ƙafa huɗu. Ranar Juma'a kana rufe shago?"

"Ni Kirista ne, me zai sa in rufe?"

"Lungun nan fa?"

"Ba kowa. Duk suna masallaci."

Ya ji abin da ya faɗa bayan ya fita daga bakinsa. Ni kuma na tuna Juma'o'in da aka yi a farkon damina, sahu ya tashi, gefena na dama, inda abokina ya saba tsayawa, ba kowa, daga baya a ce mini ciwon ƙafa ne ya tashi.

Na sauke ma'aunin a ƙasa, na ɗauki teburin a ka, na tare keke napep. Na ce wa Dennis ya shiga, ko kuma in kira mutanen tasha su sa shi. Ya shiga.

*

Aka taru a rumfar ofis, Alhaji Yazid, dattawa, masu shanu, samarin jarka a baya suna leƙe. Aka fito da Winifred. Nasrullahi yana zaune a wurinsa na kullum, hannun dama da Alhaji. Da ya ga teburin ya yi murmushi.

"Mai Sawu, abinci za ka fara sayarwa?"

Na ce Alhaji ya kawo akwatin. Na ɗora shi a kan teburin a hankali. Ƙafa uku suka zauna cikin zobba uku kamar an auna. Ta huɗu ta hau kan 'yar'uwarta da ke manne, akwatin ya karkace.

"An rantse cewa akwatin nan bai taɓa fita daga kabad ba," na ce. "Ga inda ya je. Ga ƙafar da ya bari a can. Injiniya, gaya musu abin da aka yi masa."

Ta faɗa a taƙaice, ba ta kalli Dennis ba ko sau ɗaya. Rumfa ta ɗauki hayaniya. Wani ya ce, "To ai ɗan'uwanta ne! Bakinsu ɗaya!"

"In bakinsu ɗaya, me zai sa su wahala da ma'auni?" na ce. "Ita ta gina shi. Da ta bar wa kanta ƙofa tun farko, ba wanda zai sani. Wannan aikin wanda aka rufe wa ƙofa ne, ya bi ta bango. Kuma ita ba ta da mabuɗin kabad. Shi ma ba shi da shi. Wani ne ya kai masa, ya dawo da shi."

Nasrullahi ya miƙe. Ya gyara hula. Bai yi fushi ba, murya a kwance, irin wadda yake yi mini nasiha da ita.

"Jama'a, ban so in faɗi wannan ba, don abokina ne. Amma ku tambayi kanku. Tun da akwatin nan ya zo, wa aikinsa ya mutu? Wa aka daina kira? Wa yake shiga gidana kamar nasa, ya san ƙusar da nake rataye mabuɗi? Wa ya fara cewa ƙarfe ne ya kai ɓarayi, tun kafin kowa ya yi tunanin haka?" Ya juyo ya kalle ni ido cikin ido. "Tsoho, ka ji tsoron Allah."

Na sha sara, na sha harbi, an taɓa ɗaure ni a daji. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kuma na ga kawuna suna juyowa wurina, don maganar ta zauna. Har zuwa lokacin ina neman hanyar da zan bi in bar masa ɗan mutunci. Ya rufe ta da hannunsa.

Na kifa akwatin. Na sa farce na ɓanɓare ƙafa ta huɗu, na miƙa wa Malam Habib, dattijon da ya fi kowa sanin fata a tike.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya shinshina, ya juya ta. "Fatar akuya. Jima mai kyau. Yankan baduku ne." Ya kai ta kusa da ido. "Bahago."

"Ni ko igiya ban iya yankewa daidai ba, kowa ya sani. Nasrullahi, fito da wuƙarka ka yanka mana irinta da hannun dama, in ga."

"Ƙafa ta faɗi a ofis na gyara. Laifi ne gyara?"

"A ofis ta faɗi, ta tashi ta tafi tasha ta manne a teburin Dennis?"

Sai Dennis ya fashe da kuka kamar yaro.

"Shi ne yana kawowa! Ran Juma'a, cikin buhun dusa. Ya ce shanu kaɗan za a ɗauka, ba za a taɓa mutum ba. Na ce masa ƙafan ya cire, bar shi haka, ba wanda zai duba. Ya ce shi ba zai mayar da abu yana rawa ba." Ya juya wurin Winifred. "Sista, kowa yana cewa akwatin Winifred, akwatin Winifred. Ni ma na ƙona yatsa a kansa."

"Ka ƙona," in ji ta. Iyakar abin da ta ce masa ke nan.

Nasrullahi ya koma ya zauna. Alhaji Yazid ya janye rigarsa daga jikin tasa.

"Me na rage ka da shi, Ma'aji?"

"Ba ka rage ni da komai ba, Alhaji. Gashina ya yi fari ina riƙe wa mutane mabuɗin dukiya, ban mallaki ko maraƙi ba. Shi ke nan."

Samarin da suka zo don Winifred suka fara matsowa don shi. Na tsaya a tsakani har motar 'yan sanda ta iso, ba don shi ba, don kada a ƙara wani jini a kan na Hammajo. Da za a sa shi a mota ya riƙe hannun rigata.

"Mai Sawu. Ka je ka gaya wa matata Khadijatu da bakinka, kada ta ji a titi."

"Ka aiki wani," na ce. Na zare hannuna.

*

Rumfa ta koma wurin Winifred. Yanzu kowa Injiniya yake ce mata. Wani ya kawo kujera, wani ya kawo ruwan sanyi. Jarkar fetur ta ɓace kamar ba a taɓa ganin ta ba.

Ba ta zauna ba. Ta ce a ba ta filaya. Ta yage hatimin da hannunta, ta buɗe akwatin, ta ciro wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar kankana, ta matse shi har ya yi ƙara.

"Mabuɗin nan ya riga ya shiga duniya. Duk garken da ke da abin wuya, ku aika a cire yau, kafin a bi shi."

"Za a cire," in ji Alhaji Yazid. "Kuma ki mayar da kariyar, 'yata. Ya yi jinkiri yadda ya ga dama, zan jira. Wallahi zan jira. Yaushe za ki haɗa mana sabo?"

"Ka riga ka rantse mini sau ɗaya, Ciyaman."

Ta ajiye filayar a kan teburin. Mutane suka buɗa mata hanya. Na bi bayanta har bakin ƙofar tike, ina so in ce wani abu, ban san mene ne ba. Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Na gode da ka fitar da ni, Baba. Amma da ka shigo ɗakin nan, ba ka tambaye ni ko na ci abinci ba. Tambayata ka yi ko na sayar da ku."

"Haka ne."

"Kada ka biyo ni."

Ƙasa a jiƙe take. Takalminta ya fito ɗaya bayan ɗaya, tsaf, ya nufi tashar motar Michika. Ko makaho zai iya bin sa. Na tsaya a inda nake.